Uwar Tsafta a Ɗakin Sista

Karo na uku ke nan wata mai ɗinki tana zama a bencin nan na ƙofar ɗakin duba mata, katinta a hannu. Ƙaiƙayi da farin ruwa sun hana ta sakat. Ta sha magani ya lafa, bayan wata ya dawo. Yayarta kuwa ta riga ta yanke hukunci: "Mijinki ne ke kwaso miki daga waje." Sati biyu ke nan gaisuwarsa ma da ƙyar take amsawa. Ta ƙudura a ranta, in gwaji ya tabbatar da zancen yayarta yau, gidan iyayenta za ta wuce.

Sista, dattijuwar nas mai tabarau, ta ja labule, ta matso da kujera kusa da ita.

"Sakamako ya fito, ƙanwata. Amma fara gaya mini, yaya kike tsarki?"

Mai ɗinkin ta ɗaure fuska. "Haba Sista! Ni da ake tsokana a gida da Uwar Tsafta? Sau uku a rana, da sabulu mai ƙamshi, har ciki. In ƙaiƙayin ya taso sai in ƙara da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta."

Sista ta cire tabarau tana murmushi. "To, mun kama ɓarawon. Wajen nan yana da masu gadinsa, ƙwayoyi ne masu amfani. Ke kuma kullum sai kin kore su da sabulu, kin bar ƙofa a buɗe."

"Ba daga maigidan ba ne?" Muryarta ta yi ƙasa.

"Gwajin bai nuna ciwon da ake ɗauka wajen miji ba. Bawan Allah, wa ya san irin kallon da yake sha a gida!"

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na biye.

Sista ta ƙirga mata a yatsu: ruwa zalla, daga waje kawai, wandon ciki na auduga, a shanya a rana, maganin da likita ya rubuta a shanye duka, ko da ƙaiƙayin ya tafi. "Ki dawo bayan sati biyu, in ji labari."

Da ta isa gida, rigar mijinta tana nan rataye a bayan ƙofa, wadda maɓallinta ya cire tun ranar da ta fara fushi. Ta sauko da ita, ta nemo zare mai kalarta.