Gurbin Inna

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu bai sake ni ba. Na gan mu mun sauka a wani gari mu biyar: ni, matata Ladiyo, yaranmu Saminu da Hansatu, sai Inna mahaifiyata. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, sai muka juya lema.

Garin gida bakwai ne, hanya bakwai, kowace hanya gida uku ne a kanta. A ofishin rabon gidaje wata akuya mai tabarau muka tarar, tana tauna takardunmu.

"Kowa da gidansa," in ji ta. "Amma 'yan'uwa uku ba sa zama kan hanya ɗaya. Wanda ya rasa gurbi, ruwa ya yi sama da shi."

Na kwashe da dariya. Shekara ashirin ina gini, akuya ce za ta koya mini jera gidaje? Nan da nan na zaunar da mu huɗu, ba uku a layi. Saura Inna. Duk gidan da na kai ta, sai ta zama ta uku a wata hanya.

"Sauya musu gidaje mana," akuya ta ce.

Na mayar da Ladiyo gidan Saminu, Saminu gidana. Sauran gidajen suka tashi da ƙafafunsu suka sake wuri, gari ya koma yadda yake, kamar an juya hula a kai. Sauyi ashirin da huɗu na yi, wallahi ban tsallake ko ɗaya ba. Gurbi dai huɗu ne.

"Bar wahalar da kanka, Ɗanlami," in ji Inna. "Ai na ji ku shekaranjiya, kuna cewa gida ya yi muku kaɗan."

Kunya ta kama ni har wuya. Na duba, ƙafafunta sun fara barin ƙasa. Na cafko bakin zanenta, na shigar da ita gidana, na fito na tsaya a titi.

"Malam, kai ne na biyar ke nan," akuya ta ce.

"Rubuta. Magini ne ni, ko a sama ba na rasa ɗaki."

Ruwa ya ɗauke ni, ina hango Inna tana leƙe ta taga.

Sai na ji ƙar-ƙar-ƙar. Na buɗe ido, gari ya waye. Inna ce a ɗakinta take goga goro, ga ƙullin kayanta a bakin ƙofa, tana jiran motar da za ta kai ta gidan ƙanena. Ko takalmi ban sa ba, na je na kwance ƙullin.