Farar Kujera

Yaya ya buɗe ƙofar motar a hankali kamar mai ɗaga murfin akwatin zinare. Wani ƙamshi ya bugi Auta. Kujerun farar fata ne, ko ƙuda ya sauka a kansu sai ya nemi gafara.

"Kin ga wannan madannin? Kujera ce ke yi wa mutum tausa."

"Tana kwantar da mai gyambo a baya?"

Baba na tsakar gida a kan katifa, ɓarin jikinsa a shanye, robar fitsari na rataye a gefe. Ciwon kwanciya ya ci bayansa har zama ya gagara. Yau likitan da ke duba shi ke zuwa asibiti. In aka rasa shi, sai wani watan, gyambon kuwa ba ya jira.

A da ba a wannan lissafi. A-kori-kurar Baba na ƙofar gida, tsohuwa, mai tari kafin ta tashi. A shimfiɗa katifa a baya, Auta ta riƙe masa lema, sai asibiti. Amma da Yaya ya samu ƙarin girma ya zama Darakta, ya ce ba zai yiwu a riƙa ganin uban Darakta a bayan motar ɗaukar kaya kamar buhun siminti ba. Ya sayar wa wani mai bulo ita, ya ce daga yanzu shi zai riƙa kai shi da kansa, cikin mutunci.

Mutuncin ne yau ya iso, baƙi wul, yana sheƙi.

* * *

Suka gwada. Katifa ta ƙi shiga. Suka lanƙwasa Baba, ya yi wata ƙara da ta sa Auta sakin ƙafarsa. Robar ta karkace, ɗigo biyu suka sauka a farar fata.

"Auta! Ba ki da ido ne? Kin san daga inda aka kawo kujerun nan?"

"Na san dai inda aka samo mai motar. Ga shi nan a hannunka."

Yaya ya mayar da Baba kan katifa, ya zaro hankici. Auta ta tsaya tana kallon yadda yake goge wurin, a tausashe, yana hurawa da baki. Ita da ke wanke gyambon nan safe da yamma ba ta taɓa sanin hannunsa na da wannan laushin ba.

Ta ɗauki waya ta kira mai bulo.

* * *

A-kori-kurar ta zo da tarinta. Auta ta share ƙurar siminti da gefen mayafi, aka kwantar da Baba. Ya lallaɓa hannunsa mai rai ya dafa ƙarfen gefe, daidai inda fenti ya goge.

Yaya ya biyo su a baya, gilashi a rufe, fitilu na walƙiya. A mahaɗar titi wata tsohuwa ta dubi jerin, ta ɗaga hannu wajen baƙar motar.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Har da rakiya!"

Yaya ya sauke gilashi kaɗan, ya amsa da amin. Auta ta gyara lema, ta kaɗe siminti daga gemun Baba.