Ɗan Inna Hure na Ƙasar Ƙanƙara

"Ikilima, kada ki ɗauka tukuna. Tayar da ni zaune."

Wayar tana ta ruri a hannuna. Na ajiye ta a kan tabarma, na tallabo Inna Hure, ƙanwarta Barira ta cusa mata filo a baya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta ce a miƙo mata ɗankwalinta na zuwa unguwa, ta ɗaura, ta lashe busassun leɓunanta, sannan ta ce, "To, danna."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata, a ƙauyenmu da ke gabas da Tsanyawa. Ina koyarwa a firamare, kuma ni ce mai babbar waya a kusa, shi ya sa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗanta Mudassir yake kiran ta ta wayata. Shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai kuma ya rayu. Dakta ne, amma ba na asibiti ba. Daga Kano karatu ya kai shi Jamus, daga can aiki ya kai shi Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu, inda shi da abokan aikinsa suke auna ƙanƙarar da ta rufe teku. Lokacin da muke cikin damina su suna tsakiyar sanyi. Jirgin sama ba ya sauka, na ruwa ba ya isa. Duk wanda ke can yana can har bayan kaka.

Fuskarsa ta fito, gemu ya cika ta, da hular ulu har kunne.

"Inna, ina wuni? Na ga kamar kin rame."

"Wayar ce. Kai ma ta baƙanta ka. Rana ta fito muku?"

"Ta fara leƙowa, Inna. Ja take yi a gefen sama kamar garwashi, ta koma."

"Alhamdu lillahi. Sallah fa?"

"Da agogo nake yi, kamar yadda na faɗa miki."

Wannan tambayar ba ta taɓa tsallake ta ba. Tun da ya ce mata wata biyu suke yi ba rana, abin ya tsaya mata a rai. Wani lokaci in na shigo da hantsi sai in tarar ta zuba wa hasken da ya faɗo ta bakin ƙofa ido, ta ce, "Mu ga ta nan har muna gudun ta, shi kuwa ko kaɗan."

Da aka kashe wayar ta sulale ta kwanta, gumi ya jiƙa ɗankwalin. Tun farkon shuka asibitin Kano suka sallamo ta. Ciwon hanta ne, likita ya ja Barira gefe ya ce a kai ta gida a yi ta addu'a. Inna Hure ta sa mu muka yi alkawari ba za mu gaya wa ɗanta ba.

"Yaya, wannan ba daidai ba ne," in ji Barira. "Yana da hakki."

"In ya sani zai fito ne? Tsuntsu ne shi? Ku bar shi ya yi abin da ya kai shi."

Haka muka tafi har gero ya fara fitar da kai. Cikinta ya kumbura, ƙafafu suka yi nauyi, kunu ma sai da lallashi. Mijina Khalilu ya yi mata noma na biyu a gonarta ta bayan gari, ya zo ya ce mata gyaɗa ta yi kyau. Ta ce Allah Ya sa da rabon ɗan nan a ciki. Ba ta faɗin sunansa. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, tun yana goye "ɗan nan" take cewa.

Juma'ar da ta biyo baya ba ta iya zama ba. Ta ce a kashe hoton, a bar murya kawai, a ce masa sabis ne ba kyau. Na ɗora wayar a kan filo kusa da kunnenta.

"Ba ni labarin aikin naku," ta ce. "Yau ba na jin surutu."

Ya ce jiya sun fita kan teku da motar ƙanƙara. Sun huda rami da inji har suka tarar da ruwa a ƙasa, suka zura ma'auni, suka ciro guntun ƙanƙara mai tsawo kamar taɓarya. Ya ce shekarun nan wadda take rufe tekun ba ta kai faɗin ta da ba. Abin da ya fi damun su kuma ita ce ta kan tudu, mai kaurin da ya fi duk wani dutse da ta taɓa gani, don in ta yi ta zubewa cikin teku ruwa zai hau garuruwan bakin gaɓa, har da Legas.

"To in kun auna, hana ta narkewa za ku yi?"

"Ba za mu iya ba, Inna. Sai dai mu faɗa wa mutane gaskiya da wuri, kowa ya san shirin da zai yi."

A waje ana daka a gidan maƙwabta. Barira ta daina fifitar da take yi mata.

"Inna? Kina ji na?"

"Ikilima, kunna hoton."

Na kunna, na ɗaga wayar saitin fuskarta. Ba ɗankwali, ba komai. Ya dube ta, ya zare hularsa a hankali.

"Mudassir," ta ce.

Ni da Barira muka kalli juna.

"Mudassir, ba na jin za ka same ni. Na ɓoye maka, ka yafe mini."

Ya kifa kansa a kan tebur. Muna jin wani inji yana gurnani a bayansa, wani Bature ya leƙo ya ja ƙofa ya koma. Da ya ɗago sai ya ce zai yi magana da shugabansu, ko akwai hanya.

"Babu, kai ma ka sani. Kada ka sa 'ya'yan mutane su taso jirgi cikin wannan duhu saboda tsohuwa. Zauna mu yi hira."

Suka yi hira har la'asar. Ta tuna masa ranar da aka yi ruwan ƙanƙara yana ƙarami, ya tara a kwanon sha ya ɓoye a ƙarƙashin gado, da ya dawo ya tarar da ruwa ya yi ta kuka wai an sace masa. Ya yi dariya hawaye na bin gemunsa. Ta yafe masa duniya da lahira. Ta ce in ya dawo ya yi aure, ya isa haka.

Daga ranar kullum yake kira. Wani lokaci ba ta iya amsawa, sai ya yi ta karanta mata Ƙur'ani, tana motsa leɓe.

Ranar wata Talata da hantsi ta cika, kanta a cinyar Barira. Ni na gaya masa. Ya yi salati, ya ce a ba shi Khalilu. Da aka gama suturta ta maza suka ɗauki makara, Khalilu ya sa wayar a aljihun gaban rigarsa ba tare da ya kashe ba. Ya ce mini daga baya har aka gama rufe ta numfashin Mudassir kawai yake ji a ƙirjinsa.

Mu mata muna tsakar gida sai hadari ya haɗo daga gabas. Barira ta ɗaga kai, ta ce, "Ikilima, kuɓewar nan."

A kan rufin rumfa take, shanye a faifai biyu. Ban san da ita ba. Barira ta ce shekaranjiya Inna Hure ta matsa sai an ba ta wuƙa, tana kwance a gefe ɗaya ta yanka abin da ta iya, wai ɗan nan ba ya son miyar kuɓewa sai busasshiya.

Na taka turmi na sauko da su. Yankan duk ya karkace, wani da kauri, wani siriri. Ba ta gama bushewa ba, tana manne mini a yatsu. Na shige da ita ɗakin, na ajiye a kan gadon da aka riga aka naɗe shimfiɗarsa, ruwa ya fara sauka a kan kwano.