Ɗan Farin A'i

Da an kaɗa ƙararrawar hutun rana, yaran aji ɗaya da aji biyu kan ɓarko waje kamar an buɗe akurki. A watannin zafi ba a barinsu su fita fili, sai a kai su babban zaure mai sanyi, kuma nan ne aikin A'i yake. Ita da abokiyar aikinta Rowena, 'yar ƙasar Filifin, su ke kula da yaran har a koma aji. Su buɗe wa wannan robar abinci, su raba faɗa, su raka mai jin fitsari.

A'i ba ta wuce firamare ba, Turancinta ma a nan Dubai ta tsince shi, amma sunayen yara ba sa ba ta wahala. Aditya, Joshua, Hamda, kowa ta san nasa, har ta san wanda sai an lallashe shi yake cin abinci. Yaro ɗaya ne kawai ba ta taɓa kiran sunansa ba. Mika'ilu, ɗanta na fari.

A garinsu, can wajen Gumel, haka ake yi. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, balle ga shi sunan surukinta aka sa masa. A ɗakin kakarsa Inna ya tashi. Ita ke goya shi, ita ke masa kirari tana kiransa angona. Ya taso yana jin ƙannen babansa na cewa Yaya A'i, shi ma ya ɗauka. Da mijin A'i, Ɗalhatu, mai aikin loda kayan gyaran mota a Ras Al Khor, ya ɗauko su zuwa Dubai, sun zo da komai yadda yake, ban da Inna.

Wata Litinin, Mika'ilu da Aditya suka yi karo suna guje-guje, duk suka zube. A'i ce kusa. Ta ɗago Aditya ta kakkaɓe shi, tana hura masa gwiwa tana cewa, "Sori, habibi, khalas," wato sannu masoyi, ya wuce. Sannan ta dubi gefe, ba tare da sun haɗa ido da Mika'ilu ba, ta ce, "Kai, tashi."

Ya tashi. Gwiwar hannunsa ta goge, jini na tsatsafowa. Ta so ta je gare shi, amma ga idon yara ko'ina. Bai yi kuka ba. Ya tsaya yana kallon hannunta a kan Aditya, sannan ya wuce wajen Rowena ta sa masa filasta.

Daga ranar ya daina cin abinci a makaranta. Robarsa takan dawo gida yadda ta tafi. A zaure yakan koma can lungu kusa da tukunyar kashe gobara ya zauna, a gida kuma sai ya tsakuri kaɗan ya ce ya ƙoshi. A'i tana ganin wuyansa yana tsawo, tana ta sauya girki, ba ta san inda ciwon yake ba.

Wata Laraba, bayan yara sun koma aji, ita da Rowena suna goge tebura, Rowena ta ajiye tsumma.

"Sista, in tambaye ki, kada ki ji haushi. Mika ɗanki ne? Ke kika haife shi?"

A'i ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa.

"To shi bai yarda ba. Ya ce min uwarsa tana Najeriya, ke yayarsa ce. Ya ce kina kiran kowa habibi, shi kuwa ko sunansa ba ki sani ba. Jiya tambayata ya yi ko ina da wuri a gidana."

A'i ta dafa tebur. Da guntun Turancinta ta yi ta lalubo kalmomi. Ta ce a garinsu ɗan fari ba na uwa ba ne a idon jama'a, kunya ce, girmamawa ce ga manya.

"To wa yake rungumarsa?" in ji Rowena.

"Kakarsa."

"Tana ina?"

"Najeriya."

Rowena ta buɗe hannuwa ta dube ta. Sai ta ciro waya ta nuna mata hoton yara biyu da kayan makaranta. "Nawa ke nan, suna wajen mahaifiyata. Ni a gilashin waya nake sumbatarsu. Ke naki yana nan, taku kaɗan daga inda kike tsaye. Wallahi, Sista, wani lokacin ji nake kamar in make ki da wannan tsumman."

Bayan magariba, a ɗan ɗakinsu na Al Muraqqabat, Mika'ilu ya tafi wajen 'ya'yan maƙwabta, A'i ta gaya wa Ɗalhatu. Ya fara dariya, da ya ga idonta sai ya haɗiye.

"Sai a kai ƙara wajen mai shi," ya ce, ya ɗauki waya zai aika wa Inna saƙon murya.

"Don Allah kada ka ce ni na ce!"

"To wa zan ce? Mai shagon ƙasa?"

Ta gudu kicin. Tana can tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke, ta ji muryar Inna ta cika ɗakin.

"A'i, na san kina laɓe kina ji. Kunyar wa kike yi a can, ta Larabawa ko ta Indiyawa? Ni da na yi kunyar yayan Ɗalhatu, gida cike yake da masu ɗaukar min shi. Ke wa gare shi a can? Sunan kuma na mijina ne, na ba ki aro." Aka ji tari daga nesa, Inna ta ƙyalƙyale da dariya. "Ga mai sunan nan, ya ce ki kira, ba ya ƙarewa. Kuma ki gaya wa angona, in ya rame na fasa auren."

Washegari aka kaɗa ƙararrawa, yara suka cika zaure. Mika'ilu ya nufi lungunsa. A'i ta buɗe robar wannan, ta ɗaure takalmin wancan, tana zagaye kamar mai neman abin da ya faɗi. Lokacin hutu yana ta tafiya. Sai ta ji an zare mata tsumma daga hannu.

"Yalla," in ji Rowena. "Maza, yaran duk nawa ne yau. Je ki."

A'i ta je ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ya matsa kaɗan. Ta ɗauki robarsa ta buɗe, shinkafa da wake da soyayyen ƙwai.

"Mu ga hannun."

Ya miƙo. Ciwon ya bushe tuni, amma ta hura masa.

"Yaya A'i, ai ya warke."

"Na sani."

Ya shiga murza igiyar takalminsa. "Wai ke kika haife ni?"

"Ni na haife ka. Ranar kasuwa ce, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ka fito kana tsala ihu, har ungozoma ta ce wannan ladan za a yi."

Bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi, ya danne. "To mene ne sunana?"

Ta waiga. Yara na ta hayaniyarsu, Rowena na can tana raba wasu biyu da ke jan kwalbar ruwa ɗaya. Sunan ya zo mata baki. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai raɗa.

"Ban ji ba."

"Ka ji mana, ja'iri."

"Allah ban ji ba."

"Mika'ilu," ta ce.

Ya ɗago ya dube ta sosai, ita ma wannan karon ba ta kau da kai ba. Sai ya jawo robar gabansa, ya miƙa mata cokali.

"Ki ba ni da kanki. Yadda kike ba Hamda."

Ta ba shi. Ya cinye har ƙwan, yana ba ta labarin wani yaro da ya zo da kifi mai wari. Da ƙararrawa ta kaɗa, ya goge baki da gefen hijabinta ya ruga layi.

Zaure ya yi tsit. A'i ta je wajen Rowena, ta nemi kalmar godiya da za ta isa a Turancinta, ba ta samu ba. Sai ta kama hannunta da hannu biyu ta yi mata da Hausa.

"Allah ya haɗa ki da 'ya'yanki. Allah ya sa su ji ƙanki."

"Ban gane ko ɗaya ba," in ji Rowena, "amma amin." Ta miƙa mata tsumma. "Tebura na jira, Sista."