Uban da Ya Tsaya a Waje

Edna Dung, nas 'yar Jos, tana aiki a wani asibiti kusa da garin Hyattsville na Amurka a 1986 lokacin da aka kwantar da Malka, budurwa mai ciwon daji. Mijin marigayiya uwarta, dattijo Katz, wanda ya rene ta tun tana rarrafe, kullum yana bakin gadonta.

Ranar da numfashin Malka ya fara sarƙewa, sai ya miƙe zai fita.

"Baba, ina za ka? Yanzu take buƙatarka," in ji Edna.

Ya ce, "Ni Bayahude ne, daga zuriyar firistoci. Ba ma zama ƙarƙashin rufi ɗaya da gawa, sai ta iyaye, mata, 'yan'uwa ko 'ya'yan cikinmu. Na tambayi malaminmu, ya ce agola ba ta ciki."

Ya fita yana hawaye. Malka ta yi ta kiransa har ta cika a hannun Edna.

Edna ta same shi a waje, tsaye tsakanin motoci. Ya tambaye ta ko yarinyar ta neme shi.

Ta so ta ɓoye masa, amma takaici ya hana ta. Ta ce, "Ta neme ka, Baba."