Legas a Bayan Gidan Burodi

Ranar da Baba zai tafi Kuru, can bayan garin Jos, aikin dashen furanni na kwana tara, ya tsayar da ni a bakin rumfarmu ya ɗaga yatsu biyu.

"Safara'u, abu biyu. Kada ki bari mai saye ya tsallaka wurin Dantong. Kada kuma ki sayar wa mutum abin da zai mutu a hannunsa. In na dawo na tarar kin riƙe waɗannan, rumfar nan da ke a cikinta. In ba haka ba, ki koma gida ki taya Ummanki aiki, in kira kawunki Musaddiq."

Na ce to. Shekara uku ina ban ruwa a wurin nan, na san kowace shuka da halinta. Ciniki da baƙi ne kawai ban taɓa yi ba, Baba ke yi. Amma ina son rumfar, ba na son a raba ni da ita.

Muna bakin titi, muna sayar da furanni da dashen itatuwa da ciyawar ƙawata tsakar gida. Baba Dantong ne maƙwabcinmu, igiya ɗaya ta raba kayanmu da nasa. Shi da Babana, Malam Labaran, sun shekara ashirin suna cin gyaɗa a faranti ɗaya, suna kuma ƙwace wa juna masu saye.

Kashegari wata mota ta tsaya, wani dattijo mai tumbi ya fito. Sunansa Oga Nwabueze, a Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ɗan Kano. Ya wuce furanni duka, ya durƙusa gaban wadda muke kira ciyawar Turawa, siririyar nan mai laushi kamar gashin jariri. Ya cire takalmi ya taka ta.

"Wannan nake so. Na gina gida, zan bar Jos, amma sai na tafi da ɗan guntunta. Jikokina za su yi birgima a kai."

Na tambaye shi a hankali ina gidan yake.

"Badagiri, can Legas. In na tsaya a ƙofa ina ganin teku."

"Ƙasar wurin fa, Oga?"

"Yashi. Ga bishiyoyin kwakwa sun rufe rabin filin da inuwa. Ruwan sama kuwa kamar da bakin ƙwarya."

Ciyawar Turawa sanyin Jos ke riƙe da ita. A wuri mai zafi da gumi saiwarta ruɓewa take yi, ga iskar teku mai ɗauke da gishiri. Na nuna masa wadda ke can gefe, mai faɗin ganye da kauri, mai rarrafe a ƙasa, wadda masu sana'armu ke kira bafalo.

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "'Yata, wannan ai abincin akuya ne. Ni na ce miki kiwo zan yi?"

Baba Dantong, wanda tun ɗazu kunnensa ke wajenmu, ya jingina da igiya. "Oga, in yarinya ba ya son sayarwa, ka zo nan. Nawa ya fi kyau ma, kashin shanu zalla yake ci."

Oga ya fara mayar da takalminsa. In na sayar masa, na karya dokar Baba ta biyu. In na hana shi, na karya ta farko. Ina kallon ƙasa na ji bakina ya ce, "Oga, ka ba ni mako ɗaya."

"In ba ki ki yi me?"

"In kai su Legas in dawo da su. Wadda ta dawo da rai, ita za ka ɗauka."

Ya dube ni, ya dubi Baba Dantong. Ya ce motar kayansa sai nan da kwana goma za ta tashi, kuma ya daɗe bai ga abin dariya ba, ya yarda. Baba Dantong ya zaro wuƙa ya yanko tasa ciyawar Turawan ya miƙo mini. "Ki tafi da nawa. Ko Makka za ki kai shi, zai dawo da ƙiba."

Legas ɗin tawa tana unguwarmu, Congo-Russia, a bayan gidan burodin Anti Tina. Akwai wani ɗan lungu jikin bangon murhunta, bangon kullum da zafi, rana kuma ba ta shiga sai ta rabin yini. Na samo daro uku na cika su da yashi. Na dasa ciyawar Baba Dantong a ɗaya, bafalo a ɗaya, a na uku kuma na sa ƙiri-ƙiri, mai ƙananan ganyen nan da ake shukawa a filin ƙwallo, don ita ma tana jure zafi. Na kafa sanduna na rufe su da farar leda. Safe da yamma ina ba su ruwa mai ɗumi har ya kwanta, sannan in jiƙa gishiri cokali ɗaya a kofi in yayyafa musu.

Anti Tina ta leƙo da gari a hannunta. "Ke Safara'u, ciyawa za ki gasa mini?"

"A'a Anti, Legas nake yi."

Ta ɗaga ledar, tururi ya bugi fuskarta, ta ja da baya. "Wallahi ta yi kama. Saura ki kawo musu sauro da cunkoson motoci."

A kwana na uku ciyawar Baba Dantong ta kwanta. A na biyar wani farin abu ya fito a gindinta, irin wanda ke fitowa a tsohon burodi. Ƙiri-ƙiri ba ta mutu ba, amma ta yi tsawo ta rame tana neman rana. Bafalo kuwa ta miƙe ƙafa, har wani reshenta ya tsallake bakin daro yana neman shiga na maƙwabta. Ba zan ɓoye ba, duk safiya sai na durƙusa na ce wa ciyawar Baba Dantong, "Sannu da ƙiba." Da na isa rumfa kuma in gaishe shi da ladabi, ya tambaye ni labarin Legas, in ce lafiya lau, sai dai zafi.

Ranar da mako ya cika na ɗauko su a keke napep. Ina sauka na ga Baba zaune a kan benci, ashe aikin Kuru ya ƙare da wuri. Baba Dantong ya riga ya ba shi labari da ƙari. Baba ya amsa gaisuwata ya ci gaba da ɓare gyaɗa. Can sai ga Oga Nwabueze.

Na jera daro ukun a gabansa. Oga ya sa yatsa ya taɓa ciyawar Turawa, ta biyo yatsan kamar dafaffen alayyafo, ga wari.

Baba Dantong ya tsallako igiya. Ya sunkuya, ya ƙura wa yashin ido, ya ga wani fari-fari a bakin daron. Ya dangwala ya kai bakinsa.

"Gishiri!" Ya miƙe yana ihu. "Jama'a ku zo ku gani! Labaran, 'yarka ya yi wa ciyawana miya! Saura daddawa!"

Masu keke biyu da mai rake suka matso. Fuskar Oga ta canza.

"'Yata, gaskiya ne? Kashe ta kika yi don in sayi taku?"

Na dubi Baba. Gyaɗarsa yake ci. Na ji kamar in shige cikin daron. Duk bayanin da na shirya a keke ya gudu. Sai na sa ƙafa na tura daron bafalo gaban Baba Dantong.

"Baba Dantong, ɗanɗana wannan ma."

"Ni? Ni akuyarki ne?"

"Ai kai ne mai harshen," in ji Oga. "Kai ka fara, kai za ka ƙarasa."

Mai rake ya ce a yi adalci. Baba Dantong ya dangwali yashin bafalo ya lasa. Ya yamutsa fuska, ya juya ya tofar.

"Yaya?" in ji Oga.

Baba Dantong ya kama goge bakinsa.

"Dantong, yaya?"

"Wannan ya ma fi gishiri," ya faɗa ciki-ciki.

Na tura masa na uku. Ya harare ni, amma mutane sun zuba masa ido, dole ya lasa. Masu keke suka fashe da dariya.

Daga nan bakina ya buɗe. Na ce cokali ɗaya ne, kofi ɗaya, duk ukun tare nake ba su. Abin da na yi musu a mako, iskar teku za ta yi a hankali cikin wata biyu ko uku, lokacin kuma ya riga ya shimfiɗe fili duka. Na ce ya sa bafalo a ƙarƙashin kwakwa, don ba ta damu da inuwa ko yashi ba, a dasa ta tazarar taƙi ɗaya ɗaya, da kanta za ta haɗe. Wajen ƙofar gida inda rana ke dukan wurin yini guda, nan ne wurin ƙiri-ƙiri.

Oga ya cire takalmi ya taka bafalon cikin daro. "Tana ɗan soka," ya ce.

"In ana aske ta a kai a kai tana laushi, Oga. Kuma jikoki ba za su iya kashe ta ba."

"Ba ki san jikokina ba." Ya yi dariya, ya juya wajen Baba. "Malam Labaran, a cika mini buhu goma sha biyu na wannan, uku na waccan. Ita nake so ta zaɓa mini da hannunta."

Bayan motarsa ta tafi, Baba ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa.

"Gishirin wa kika ɗiba?"

"Na Umma."

"To ke za ki yi mata bayani, ba ruwana." Ya ciro wayarsa ya sa a kunne. "Musaddiq? Ka yi zamanka, mun sami mai rumfa."

Baba Dantong yana can yana kurkure baki da ruwan ban shukarmu. Baba ya ɗaga murya ya ce masa, "A bar mana kaɗan, furanni ma za su sha."