Yajin da Saude Ta Daka

"Ki ajiye wayar nan, Muhsina. Na ce ki ajiye ta."

"Inna, ɗanki ne hwa. In wani abu ya same ki bai sani ba, mi zan ce mashi?"

"Ki ce ni na hana."

Ina tsaye bakin ƙofar ɗakin da kwanon kunu a hannu. Kunun ma dabara ce, na dama shi ne don in samu hanyar shiga, tunda na jiyo muryoyi sun tashi. Katangar da ke tsakanina da maƙwabciyata Saude damina ta ci rabinta tun tuni, ni kuma ban bari an gyara ba, don ta nan nake shan iska.

Saude na kwance kan tabarma, an tokare mata baya da filo, ƙafafunta sun kumbura, numfashi na fita da ƙyar. Muhsina, matar ɗanta, na durƙushe gefe, ta riƙe waya kamar za a ƙwace mata.

"Gwaggo Kubura, ki sa baki don Allah," inji Muhsina.

"Ni kunu na kawo," na ce, na samu wuri na zauna da kyau.

Ɗan da ake magana a kai Sirajo ne, ɗan farin Saude, kuma shi kaɗai Allah ya bar mata. Duk unguwarmu nan Ƙaura sun san yana kudu yana sayar da albasa. Ƙarya ce. Soja ne, an aje su can wajen Galadi, bayan Shinkafi. A ƙasar nan ba a faɗin haka, don ba ka san wanda ke kai wa mutanen daji rahoto ba. Cikin matan unguwa ni kaɗai ce bare da ta sani, don a gabana ya girma, rabin tuwon da ya ci a duniya nawa ne. Saude ta sa na dafa Alƙur'ani. Ni Kubura, wadda ko akuya ta haihu a unguwa sai na riga mai ita kai labari bakin famfo, aka ɗora wa wannan. Wani lokaci in mata sun tambayi farashin albasa a kudu, sai in ɗauki tuluna in yi gida.

Saude ba ta kiran sunan Sirajo, kunyar ɗan fari. "Yaron nan" take cewa. In ya bugo waya, iyakarta "Lahiya? To, Allah shi tsare," ta miƙa wa Muhsina. Abin da bakinta ba ya faɗi a ƙunshi take sa shi. Duk ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi, sai ta haɗa ƙuli-ƙuli, dakuwa, ɗan dambun nama in an samu, man zafi, sabulu, da robar yaji. A naɗe cikin tsohon buhun gero, ba suna, ba rubutu. Ladan direba ya cusa shi ƙarƙashin kayan 'yan kasuwa, ya sauke wajen wani mai shayi a Shinkafi, daga can mai babur ya wuce da shi.

Da ciwon ya kwantar da ita, taɓarya ta fi ƙarfinta. Muhsina kuwa da tsohon ciki, ba a barinta daka. Sai aikin ya faɗo kaina.

"Barkono, citta, masoro, ƙuli, gishiri, daddawa ki ɗan gasa ta," Saude ta lissafa mani daga kwance. "Shi ke nan. Kada ki ƙara komi, Kubura. Na san hannunki."

Na ce to. Amma da na je gida na ɗanɗana, yajin nan salam, kamar na masu jinya. Yaro yana daji yana cin wake da shinkafar gwamnati, a kai mashi wannan? Na jefa kimba. 'Yar kaɗan. To, ba kaɗan sosai ba. Kowa ya san yajin Kubura da kimba ake gane shi, kuma ba a taɓa dawo mani da shi ba.

Kwanaki kaɗan da tafiyar ƙunshin, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, wayata ta yi ƙara, Sirajo ne. Can wajensu sai an hau tudu ake samun sabis, shi ya sa muryar ke yankewa.

"Gwaggo, ina wuni. Yajinki ya iso."

"Wane yajina? Na innarka dai."

"Gwaggo, da kimba a ciki. Tun ina yaro Inna ba ta sa kimba. Mi ya same ta?"

Ni da na yi shekaru ina ƙara wa labari gishiri ba a kama ni ba, ranar nan harshena ya ƙi. Na ce hannunta ne ya gurɗe. Ya ce wane hannu. Na ce na dama, a'a na hagu. Ya ce in kai mata wayar.

Na tsallaka katanga. Saude ta dube ni, ta dubi wayar, ta gane komi. Ta sa Muhsina ta ɗaga ta zaune. Ta ja numfashi, ta ja, ta tara shi kamar mai tara ruwa a randa, sannan ta amsa da wata murya mai ƙarfi da rabon da in ji ta tun kafin azumi.

"Kai, lahiyata lau. Aiki ne ya yi mani yawa. Gero ya yi kyau bana, akuyar nan ta haihu, an gyara famfon bakin masallaci. Kana cin abinci dai? Sauro hwa? Kana shafa man da na aiko?"

Ta yi ta zuba. Ni har na fara jin daɗi, na ce a raina ta iya. Da ta gama ta miƙo mani wayar, ta zame ta kwanta, leɓenta ya yi fari.

"Gwaggo," inji Sirajo, muryarshi ta sauka ƙasa. "Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa yi mani magana mai tsawo haka ba. Zan nemi izini. Jumma'a ina hanya."

Kafin in buɗe baki sabis ya ɗauke.

Da la'asar Ladan ya biyo karɓar saƙon wani gida, na tare shi a zaurena. Mutum ne mai wasa, kullum sai ya ce zai aure ni in na rage surutu. Ranar bai yi wasa ba. Ya zauna kan dakali ya cire hula yana juya ta.

"Iya, shekaranjiya mutanen daji sun tare motar da ke gabana, an wuce kwanar nan mai tsamiya. Ba kuɗi sunka nema ba. Maza sunka fitar, kowa shi tuɓe riga shi cire takalmi. Kahwaɗa suke dubawa, wurin da igiyar bindiga ke ci, da sawun takalmin soja a ƙwauri. Wani yaro ɗan aski ne kawai irin na soja a kanshi. Sun tahi da shi."

Ban san Saude na ji ba. Ashe iskar da ke kawo mani labarin gidanta ita ke kai mata na zaure. Da na shiga, idonta na kan rufin ɗaki.

"Kubura, kawo mani ƙaramin turmi."

"Ki yi mi da shi?"

"Abin da kika ɓata zan gyara. Hannuna ya sani. In ya ɗanɗana ya ji ni ce, zai zauna."

Muhsina ta fashe da kuka. "Inna, likita ya ce ko tsintsiya kada ki ɗauka."

"Likita yana da ɗa a Galadi?"

Washegari Laraba munka fito da ita inuwar darbejiya, munka jingina ta da bango, turmi tsakanin ƙafafunta. Na ce ta bari in fasa mata barkonon ko da sau ɗaya ne, ta harare ni. Ta ce laushin ma ya sani, nawa dakan gaggawa ne. Ta ɗaga taɓarya da hannu biyu ta saki. Ta huta. Ta sake ɗagawa. Ƙaurin barkono ya shiga ƙirjinta, tari ya turnuƙe ta har sai da munka riƙe ta, Muhsina na shafa mata baya tana "Inna ya isa, Inna ya isa." Da ya lafa ta goge baki da gefen zane ta miƙa hannu a ba ta taɓarya.

Aikin da nake gamawa kafin ruwa ya tafasa, shi ta kai tun hantsi har inuwa ta juya. Ni aka bari da tankaɗe kawai, shi ma tana kallon hannuna kamar ɓarauniya. Ta lasa, ta ce a ƙara gishiri, ta sake lasa, ta gyaɗa kai. Ita ta cika robar, ita ta ɗaure bakin da leda.

Da safiyar Alhamis Ladan ya zo. Ya ɗauki buhun, ya tsaya yana kallonta.

"Ka ce wa mai shayi, a gaya wa yaron nan na warke. Shi zauna wurin aikinshi."

"In Allah ya kai ni, Iya."

Bayan ya fita ta kira ni kusa. Sai da na sa kunne bakinta.

"In ta faru, kada a buga mashi sai an rufe ni. Sannan ki ce, in ya hau hanyar nan ba cikin ayarin motocinsu na soja ba, ban yahe ba. Ke za ki hwaɗa. Muhsina ba ta iyawa."

"Haba Saude, wace irin magana ce wannan? Ke da za ki ga jikanki."

"Yau dai ki yi shiru ki ji, Kubura."

Na ce to, na gyara mata filo.

Ladan bai dawo ranar ba. Wayarshi a kashe, ta Sirajo ma haka. Wasu sunka ce an rufe hanya, wasu sunka ce direbobi sun kwana Shinkafi don an ga babura a daji. Ba wanda ya san ko ƙunshin ya isa.

Jumma'a da hantsi Saude ta cika. Ba ta sha wahala ba, Muhsina na ba ta ruwa a cokali, ta kau da kai, shi ke nan. Ni da wata tsohuwa munka yi mata wanka. Ƙarƙashin farcenta akwai jan barkono, na wanke, na wanke, bai fita duka ba.

Gida ya cika da mata. Kowa na tambaya, "An gaya wa na kudu?" Ina cewa ana nema, layi ne ba kyau. Ranar ce ranar da ya ce yana hanya. Duk babur da ya shigo lungu sai in leƙa ta zaure. Duk wanda ya shigo daga tasha sai in karanci fuskarshi kafin ya yi sallama. Muhsina na zaune ƙuryar ɗaki, waya a cinya, tana danna lamba tana kashewa kafin ta shiga.

Bayan an sauko masallaci maza sunka ɗauke ta. Sun dawo ke nan ana zuba masu ruwa a buta, wayar ta yi ƙara. Muhsina ta duba, ta miƙo mani kamar garwashi. Na ja ta munka shiga ɗakin Saude na tura ƙyaure.

"Muhsina? Au, Gwaggo ce." Muryarshi wasai, har da dariya. "Saƙo ya iso jiya da yamma. Wannan kam na Inna ne, ba na masu kimba ba. Na mayar da izinin, na bar wa wani. Ki ce mata hankalina ya kwanta. Tana kusa?"

"Kana ina yanzu, Sirajo?"

"Ina sansani mana. Ga ni kan tudu."

Na zauna bakin gado.

"Sirajo, ka yi salati. Innarka Allah ya yi mata rasuwa yau da hantsi. An kai ta, yanzu maza sunka dawo."

Can na ji yana Innalillahi a hankali, yana maimaitawa.

"Yajin nan hwa, Gwaggo?"

"Ita ta daka. Shekaranjiya."

"Tana cikin ciwon?"

"Tana ciki."

Sannan ya ce, "Gobe da sassahe zan samu babur."

"Ba za ka samu ba. Ta bar mani saƙo, kuma yadda ta hwaɗa haka zan hwaɗa, ban ƙara ko gishiri ba. Ta ce in ka hau hanyar nan ba cikin ayarin motocinku ba, ba ta yahe ba."

"Gwaggo, ko zaman makoki..."

"Ba ta yahe ba, Sirajo."

Ina jin numfashinshi. Muhsina ta toshe baki da mayafi, idonta a kaina.

"Ayari sai ƙarshen wata," ya ce daga baya.

"To, sai ƙarshen wata."

"To." Muryar ta karye. "To, Gwaggo. Na ji."

Sabis ya ɗauke. Na miƙa wa Muhsina wayar, ba ta karɓa ba. Ta dafa bango ta miƙe da cikinta, ta tsaya kaina.

"Da kin daka yadda ta ce, da ba ta taɓa taɓaryar nan ba."

Ta juya ta fita, ta bugo ƙyauren langa-langa har ƙasa ta zubo daga saman ƙofa.

Na zauna cikin ɗakin ni kaɗai, wayar na hannuna, ina kallon ƙurar tana sauka a hankali cikin hasken da ke shigowa ta hudar ƙyaure.